Mu Da Muka Fara Da Kwafi: Tsofaffin Gem Da Sabon Zubinsu

A hutun babbar sallar da ta wuce muna Birnin Kudu. Bayan la'asar sai wani ɗan ƙaninmu mai shekara goma sha ɗaya ya matso da waya a hannu ya ce, "Baffa, kun san wannan? Sabo ne, jiya na sauke shi." Muka karɓa muka duba. Wani ɗan dunƙule ne ruwan ɗorawa mai wangalallen baki, yana bin lunguna yana haɗiye ɗigo-ɗigo, dodanni na biye da shi. Daga ƙasan allon kuma wasu haruffa da lambobi masu launi-launi suna tasowa kamar ambaliya suna cinye hanya. Sunan gem ɗin Pac-Man 256. A 2015 ya fito, amma kakansa ya girmi mahaifin yaron, ya girme mu mu ma. Waɗancan haruffa da ke korar ɗan dunƙulen kuwa asalinsu kuskure ne da wasu injiniyoyi suka yi a Japan a 1980, aka tono shi bayan shekara 35 aka mai da shi jigon wasa.

Har mun buɗe baki za mu yi masa irin fankamar da manya ke yi, mu ce ai mun buga na asali tun ba a haife shi ba, sai muka tuna ƙarya za mu yi. Ba mu taɓa buga na asali ba. Cikin duk waɗanda muka taso tare a Birnin Kudu, da 'yan uwanmu na Gwaram da muke zuwa wa hutu, babu wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin da aka ƙera wa wannan wasa. Abin da muka sani tun farko kwafi ne, wani lokaci ma kwafin kwafi. Don haka idan yau kamfanoni suna ta sake zuba tsofaffin gem suna sayarwa da sunan tuna baya, ya kamata mu tambaya: bayan wa ake tunawa?

Asalin abin akwati ne na katako mai tsayin mutum, da talabijin a cikinsa, da sandar juyawa da maɓallai a gaba, da wata 'yar kafa da ake jefa kwandala. Turawa na kiran wuraren da ake jera su aked. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya ajiye gwajin wani wasa mai suna Pong a wani wurin shaƙatawa a garin Sunnyvale na Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'urar ta lalace. Da injiniyan da ya haɗa ta, Allan Alcorn, ya je ya buɗe, sai ya tarar lafiyarta lau, ma'ajin kuɗin ne ya cika ya toshe. Daga nan kowa ya gane akwai kasuwa. A 1978 kamfanin Taito na Japan ya fito da Space Invaders, a 1980 Namco ya fito da Pac-Man, shekara guda bayan haka Galaga da Donkey Kong suka biyo baya.

Kwandalar nan ita ce ta tsara yadda wasannin suke. Mai akwati yana son ka ji daɗi har ka sake jefa kuɗi, amma ba ya son ka daɗe, don akwai layi a bayanka. Shi ya sa ake koyon wasan cikin daƙiƙa goma, ake ba ka rai uku, wahala kuma take ƙaruwa har sai ka faɗi. Yawancinsu ba su da ƙarshe. Abin da ake nema shi ne maki, da haruffa uku na sunanka a saman allo inda duk wanda ya zo zai gani.

Mu da muke rubuta manhaja, abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda raunin na'urorin wancan zamani ya zama ɗanɗanon wasan. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙirƙiri Space Invaders, ya yi aiki da ƙwaƙwalwar Intel 8080, wadda agogon hannu na zamani ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Dodanni 55 ne ke saukowa daga sama, sahu biyar, kowane sahu goma sha ɗaya. Na'urar ba ta iya motsa su duka a lokaci guda, don haka ɗaya take matsarwa a kowane zagayen hoto. Idan suna nan su 55, tafiyarsu a hankali take. Kana harbe su suna raguwa, aikin na'urar yana sauƙi, sauran suna ƙara gudu, har na ƙarshe ya riƙa tsere kamar an taka wutsiyar kyanwa. Nishikado ya ga haka ya bar shi. Wannan bugun zuciya da ke ƙaruwa, wanda kusan duk gem ɗin da ya zo baya ya kwaikwaya, daga gazawar ƙarfe ya samo asali.

Pac-Man ma haka. Toru Iwatani da abokan aikinsa sun ba dodannin huɗu halaye daban-daban. Ja yana bin ka kai tsaye. Mai ruwan hoda yana nufar taku huɗu a gabanka don ya tare ka. Shuɗi yana lissafi da inda ja yake, shi ya sa ba a iya cin alwashinsa. Mai ruwan lemo kuwa matsoraci ne, yana zuwa kusa da kai sai ya juya ya koma kusurwarsa. Amma lambar da ke ƙirga matakan wasan an ajiye ta ne a ma'aji mai ɗaukar 0 zuwa 255 kawai, don babu wanda ya zaci ɗan Adam zai kai can. Da gwanaye suka kai mataki na 256, sai lissafi ya kife, rabin allon na dama ya cika da tarkacen haruffa, aka kasa wuce matakin. Tarkacen nan ne ɗan ƙaninmu yake gudu wa a waya.

Yadda waɗannan wasanni suka iso mu kuwa labari ne na fatauci. A 1983 Nintendo ya fito da na'urar gida mai suna Famicom, kamfanonin aked suka riƙa rage wasanninsu suna zuba su a kaset don a buga a talabijin. Wannan ma sabon zubi ne. Daga baya masana'antu a Taiwan da Sin suka kwaikwayi na'urar kanta, suka yi ta fitar da ita da araha da sunaye barkatai. Wata an yi mata siffar allon rubutun kwamfuta don iyaye su ɗauka kayan karatu ne. Wata an yi mata siffar PlayStation, sai ka ɗaga murfin faifai ka tarar da ramin kaset. Su ne suka shigo ta kasuwar Alaba a Legas, suka hau zuwa Sabon Gari a Kano, daga nan wani ɗan kasuwa ko wani yaya da ya je birni ya ɗauko ɗaya a kwali ya biyo hanyar Wudil da ita. A lokacin Jigawa jaririya ce, don a 1991 aka cire ta daga jihar Kano, kuma kusan duk wani kayan lantarki da muka gani a gida daga Kano ya zo.

Wa zai manta da kaset ɗin nan ruwan ɗorawa da aka rubuta wa 9999999 a cikin 1? Muna yara mun yarda da lambar. Sai ka yi ta gangarawa cikin jerin sunaye ka tarar wasa biyar ko goma ne ake ta maimaitawa, an canza suna, an canza launi, ko an fara ka daga wani mataki daban. Akwai Contra, wanda Konami ya fara fitarwa a akwatin aked a 1987. Akwai na ɗan wasan da ke tsallake zoben wuta a kan zaki, Circus Charlie, shi ma ɗan aked ne na 1984. Akwai tseren mota na Road Fighter. Sama da duka akwai Tanka.

Tanka ta cancanci a tsaya a kanta. Mutum biyu ne ke bugawa tare, kowa da tankarsa, kuna tsaron wata mikiya da aka kewaye da bulo a ƙasan allo, tankokin abokan gaba ashirin suna fitowa daga sama. Mu tsuntsuwa muke ce wa mikiyar. Babu abin da ke haddasa faɗa kamar abokin wasanka ya juya a rikice ya harbi tsuntsuwarku da kansa. Asalin wasan shi ne Tank Battalion, akwatin Namco na 1980. A 1985 Namco ya sake zuba shi a Famicom da sunan Battle City, mai matakai 35. Wanda yawancinmu muka buga kuma ba shi ba ne. Tank 1990 ne, wanda wasu masu manhaja a Sin suka buɗe cikin Battle City suka ƙara matakai da makamai ba tare da izinin kowa ba. Wato abin da muke kira gem ɗin yarintarmu jika ne, kuma ta bayan gida aka haife shi. Duk da haka a ganinmu ya fi ubansa daɗi.

Akwai wani bambanci da ba mu sani ba sai da muka shiga jami'a. Talabijin ɗin Japan da Amurka suna sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, namu na tsarin PAL kuwa sau 50. Wasannin wancan zamani da bugun talabijin suke ƙirga lokaci, don haka na'urorin da aka kwaikwaya don ƙasashe irin namu suna tafiyar da wasan a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Har kiɗan ma ya fi nauyi. Duk wanda ya sauke Contra a kwamfuta yau ya ga harsasai sun fi yadda ya sani sauri, kada ya yi saurin ɗora wa tsufa laifi.

Akwatin katako bai zo mana ba, amma tsarin kwandala ya zo, ta hannun mai gidan gem. Shago ne ko zaure, da benci, da talabijin mai ƙeya ɗaya ko biyu, da ƙaramin janareta a ƙofa saboda ɗaukewar wuta. Kana biyan naira biyar ko goma, idan ka mutu ka miƙa fad. Da Sega ta zo da Mortal Kombat da Street Fighter II, waɗanda su ma 'yan aked ne na farkon shekarun 1990, sai doka ta zama wanda ya ci ya zauna, wanda aka cinye ya biya. Mai kuɗi yana bugawa, marar kuɗi yana tsaye a baya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, kuma sau da yawa shi ya fi kowa sanin wasan don ya fi kowa kallo. Babu allon da ke ajiye haruffan sunanka, amma unguwa tana ajiyewa. Ana sanin wane ne gwanin Sub-Zero daga wannan layi zuwa wancan. Iyaye ba su so wurin ba, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba, don an sha tsallake Islamiyya saboda shi, an sha karkatar da canjin aike. Mun sha bulala a kai. Amma abin da yaran Tokyo suka samu a ɗakunan aked, na jiran layi da cin gaban jama'a da faɗuwa gaban jama'a, mun same shi a zauren da babu ko fanka.

Sai na aljihu. Kafin waya akwai ɗan gem ɗin batir da ake ce wa Brick Game, wanda shi ma yake alfahari da wasa 9999, alhali kwaikwayon Tetris ne, wasan da Alexey Pajitnov ya rubuta a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Bayan layukan GSM sun fara aiki a Nijeriya a 2001, sannu a hankali sabis ya iso garuruwanmu, Nokia 3310 da ƙannenta suka shigo da wasan maciji. Shi ma sabon zubi ne. Wani injiniyan Nokia ɗan Finland, Taneli Armanto, ya sa shi a wayar 6110 a 1997, tushensa kuma Blockade ne, akwatin aked na 1976. Maciji ne gem na farko da ya shiga hannun waɗanda ba za su taɓa taka ƙofar gidan gem ba: mata a cikin gida, dattawa a majalisa, ɗan kasuwa a Sara yana jiran mai saye. Da kamfanin HMD Global ya sake fito da 3310 a 2017, macijin yana cikin abubuwan da ya fi tallatawa, duk da sabon mai launi ne kuma santsinsa daban.

Daga baya PlayStation ta zo, ƙwallo ta cinye gidan gem, tsofaffin kaset suka koma ƙarƙashin gado.

Yanzu kasuwar tuna baya ta zama babba, don yaran 1980 na Amurka da Japan sun zama masu albashi. Wasu kamfanoni tsohon wasan suke kawowa yadda yake, cikin manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Wannan dabara masu sha'awa ne suka fara ta: a 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara aikin MAME don adana akwatunan aked kafin su ruɓe, kuma har yau ana ci gaba da shi kyauta. Kamfanin Hamster na Japan ya bi wannan hanya da jerin Arcade Archives tun 2014, Nintendo kuma ya sayar da 'yar ƙaramar NES mai wasa 30 a 2016. Wasu fenti suke sakewa su bar ƙashin, kamar yadda Capcom ya sake zana Street Fighter II a 2008, ko Contra: Operation Galuga na 2024. Waɗannan su ne suka fi saurin gundurar mu. Hoto ya yi kyau, amma idan tsalle ya jinkirta da ƙiftawar ido, hannun da ya saba zai gane nan take, ko da baki ya kasa faɗin abin da ya canza.

Wanda muke ganin ya fi kowa fahimtar aikin shi ne Iwatani da kansa. A 2007 ya jagoranci Pac-Man Championship Edition. Ya san babu sauran kwandala, babu layi a bayan mai wasa, don haka ya sa agogo: minti biyar, ka tara abin da za ka iya, lunguna suna canzawa kana cikin gudu. Ya zubar da siffar tsohon wasan da yawa ya riƙe matsin da ke cikinsa.

Aikin ya fi yadda ake zato wuya. Idan ka sake rubuta Space Invaders a wayar yau, dole ka ƙirƙiri jinkirin nan da gangan, don wayar za ta iya motsa dodo dubu ba ta ji ba. A Pac-Man akwai wani ɗan kuskure da ke sa dodo mai ruwan hoda ya karkata hagu idan kana fuskantar sama. Ka gyara shi, ka rusa duk hanyoyin da gwanaye suka haddace. Haɗa duka a jere da ake yi a Street Fighter II, wanda yanzu shi ne ruhin duk wasannin faɗa, ba a tsara shi ba tun farko, masu ƙirar sun lura da shi ne suka ƙyale. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt kuwa ba ta aiki da filasma ko kaɗan, don da walƙiyar talabijin mai ƙeya take gane inda ka auna. Duk mai sabon zubi sai ya zauna ya yanke hukunci kan wane kuskure ne lahani, wane ne kuma wasan kansa.

Sannan sabon ba lallai ya kai tsohon rai ba. A Afrilun 2021 aka fito da Pac-Man 99, inda mutum 99 ke fafatawa ta intanet. A Oktoban 2023 aka rufe sabar da ke haɗa su, gasar ta mutu tana da shekara biyu da rabi, alhali na 1980 yana nan yana tashi a kowace kwamfuta. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Wannan a ƙasar da ke da gidajen tarihi da masu tara kaya ke nan. Namu kuwa, Tank 1990 da kaset ɗin ƙarya da Contra mai tafiyar hawainiya, babu kamfanin da zai sake zuba su, don a idon doka kayan sata ne. Kwandalar ma ta dawo da wata riga. Yawancin kwafin da yaranmu ke saukewa kyauta, kana mutuwa sai talla ta fito, a ce ka kalli daƙiƙa talatin a ba ka rai. Da data ake biya. Mai gidan gem aƙalla kana ganin fuskarsa, wata rana ma ya yi maka gyara.

Mu 'yan Birnin Kudu muna da abin da ya kamata ya koya mana wannan tun tuni. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu na mutanen da, kuma a tsakiyar shekarun 1950 masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu kan duwatsun wurin masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Dutsen yana nan, gurbin da dukan ya lotsa yana nan, kowa na iya ɗaukar tsakuwa ya ƙwanƙwasa ya ji ƙara. Kiɗan da masu zanen suka yi da shi, da taron da aka yi shi dominsa, sun tafi tare da su. Manhajar kwaikwayo za ta iya adana Tanka har abada. Zauren da bencin da ihun "ka harbi tsuntsuwa!" kuwa suna kan mutanen da yanzu suka haura talatin, kuma ba mu ga wanda ya zauna ya naɗi muryoyinsu ba.

Wannan tunani ne ya sa bara muka ce bari mu gwada namu sabon zubin da wasan da babu mai cewa mun sata, wato dara. Mun ɗauka aikin mako guda ne: gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasa. Da muka je Gwaram muka zauna gindin bishiyar da dattawa ke bugawa don mu tabbatar da dokoki, muka tambayi wani, "Baba, idan mutum ya riga ya jera ukunsa, ana iya ci daga cikinsu?" Ya ce a'a, ba a taɓawa. Na kusa da shi ya ce su a ƙauyensu ana ci sarai. Gardama ta kaure har aka kira magariba, kowa ya share gurbinsa da tafin hannu ya tashi alwala. Manhajar tana nan a kwamfutarmu da maɓalli biyu a shafin farko, ɗaya an rubuta "ana ci", ɗaya "ba a ci". Ɗan ƙaninmu ya gwada ta sau biyu a hutun nan, ya tambaye mu ina ake ganin maki, sannan ya koma wa dodanninsa.